Littafin Akawun Tallafi

Ni ne akawun gunduma a kudancin Saskatchewan,
teburina na jingine da murhun gawayi,
alƙalamina ya riga ni sanin yunwa.

A talatin da ɗaya alkama ta rasa mai taya ta.
Sama ta ɗinke bakinta.
Sai fara ta sauka,
ta ci gona, ta ci wanki a kan igiya,
ta lashe gumin da ke jikin ƙotar shebur.
Gonar Ostap Demchuk kuwa tashi ta yi,
na ga wucewarta ta kan rufina cikin guguwa.

Tarayya ta ce aikin lardi ne.
Lardi ya ce aikin gunduma ne.
Gunduma kuwa ni ne,
da aljihun tebur da ɓera ya yi wa ƙaura,
da layin maza a ƙofa, huluna a hannu,
kowa na kallon takalminsa, ba mai tankawa.

Doka ta ce kafin in ba da takardar gari
sai na karɓe lasisin mota,
na leƙa ɗakin ajiya, na ƙirga kaji.
Na ƙirga.
Bakwai na samu a gidan Ostap, na rubuta bakwai,
aka rage masa rabo.
Da sanyi ya kama matarsa a ƙirji
bai kira likita ba, kaji uku ne ladan zuwa.
Ƙasa ta daskare, sai da aka hura wuta a kanta
kafin ta yarda da binnewa.

Daga nan hannuna ya koyi ƙarya.
Gudrun Eliason ta ɓoye ɗan maraƙi bayan labule,
yana kuka, tana tari don ta rufe kukan.
Na rubuta babu, na yi rantsuwa.

Mutanen bakin teku sun aiko da busasshen kifi,
Allah ya saka musu,
amma mu ba mu san kansa ba,
wani da shi ya toshe rufin da ke yoyon ruwa.
Motoci suka rasa mai, aka ɗaura musu dawaki,
aka laƙaba musu sunan shugaban gwamnati,
iyakar fansarmu ke nan, sai dariya a kasuwa.

Jam'iyya biyu muka gada, ja da shuɗiya,
kamar yadda ake gadon agogo.
Ubana shuɗi ne, ni ma ban tambaya ba.
Amma ɗan Ostap ya je sansanin marasa aiki,
senti ashirin a wuni,
ya hau rufin jirgin ƙasa zai kai kuka babban birni,
a Regina kulki ya tare shi,
ya dawo ba haƙora biyu, da baki cike da tsawa.

A makarantar ƙauye aka taru,
manoma, 'yan reluwe, malama, da wani limamin coci,
gwiwoyi har haɓa a bencin yara.
Can yamma an yi wa jama'a alkawarin dala ashirin da biyar,
sun zaɓa, sun jira.
Mu sabuwar jam'iyya muka ɗinka da tsumman da muke da shi.
Na tsaya a baya kusa da ƙofa,
na ɗaga hannu rabin ɗagawa.

Tsofaffin biyun suka yi mana dariya,
sannan suka ƙirga ƙuri'a.
Inshorar mara aiki ta fito daga bakinsu,
kuɗin yara ya biyo baya.
Sun ga gemun ɗan'uwa ya kama wuta,
kowa ya ruga neman ruwa.

Yau ga ni a gadon asibiti, shekara talatin bayan haka.
Kati kawai aka nema.
Ba wanda ya je gidana ƙirgar kaji.
Ostap na gado na uku, wajen taga,
ana juya shi, ana ba shi magani a cokali.
Kowace safiya ina ce masa ina kwana.
Har yau bai amsa mini gaisuwa.