Ƙarfe Biyu da Kwata

Ruwa na dukan kwanon gidana a Gyaɗi-Gyaɗi,
waya ta yi kuka a ƙarƙashin matashi.
Ban duba suna ba.
Na san masu nemana a irin wannan lokaci.

"Ranki ya daɗe, Tasi'u ne.
Ta sauka lafiya, amma jini ya ƙi tsayawa.
Ruwan jiya ya tafi da gada,
janareta ya shanye mansa tun isha'i."

Wata bakwai ke nan da na sa masa hannu,
na tura shi can bayan Sumaila,
inda shi ne babban likita, shi ne ƙarami,
wata rana ma shi ne mai shara.
Na san shi a ɗakin tiyata:
hannu mai kyau, amma kafin ya taɓa wuƙa
sai ya nemi idona.

Amsa na kan harshena, na haɗiye ta.
Na ce, "Ɗora tafinka a mararta. Me ka ji?"
Ya ce, "Laushi."
"Laushin me yake gaya maka?"
Shiru. Ina jin kwaɗi a bayansa,
ina jin Lantana ungozoma na cewa a ɗaga fitila.
"Mahaifa ba ta tsuke ba."
"Ashe ka sani. Murza, kar ka ji tausayi.
Allurar fa?"
"Tana cikin randa, don sanyi."
"Aika a ɗauko, kai kar ka ɗaga hannu."

Sai layi ya yanke.

Na kira sau goma sha huɗu,
matar nan ta kamfani tana ta ba ni haƙuri.
Na dafa shayi, ya huce a gabana.
Na tuna wata mata a shekarata ta farko,
lokacin babu waya, babu wanda zan tambaya.
Har yau ina iya faɗin kalar zanenta.

Kwata ta cika, ta shigo har zaure.
Na zauna ina kallon takalmina yana iyo.

Gab da assalatu waya ta motsa.
Lantana ce.
"Hajiya, ya tsaya. Kunu ma take nema.
Likita na waje a bakin rijiya,
ya ce hannunsa ba zai riƙe waya ba tukuna."
Na ce a bar shi ya zauna.

Ran Laraba, in gada ta yarda,
zan ɗauki kwalin safar hannu da littafin duba aiki.
Zan yi masa faɗa, don na san bai rubuta awon jini ba,
ba sa rubutawa a daren farko.
Daga nan in nemi benci a ƙarshen ɗaki,
in naɗe hannuna cikin mayafi.
In ya ɗago yana neman idona,
zai tarar ina kallon taga.