Su

A Yelwa, in an ce su, taru ake nufi,
da gora, da ubana tsaye a jirgi
tun kafin ladan ya gyara murya.
A Istambul na ce su,
sai yaron shago ya miƙo mini kwalbar ruwa.
Na yi dariya har ya ja da baya.
Ashe kalmar ta riga ni zuwa,
ta bar kifin a gida, ta taho da kogin.

Wata ukun farko bakina kaya ne,
ni ke ɗauke da shi.
Na sayo gishiri ina zaton sukari,
na gai da tsohuwa da gaisuwar yara,
na hau jirgin ruwa ya tsallaka da ni wata nahiya
alhali burodi na fito nema.
Da dare in kwanta ina tauna kalmomi
kamar mai cin ƙarfasa a duhu,
ina tsince ƙaya da harshe.

Nermin, mai ɗakin zane a bayan masu sayar da littattafai,
ba ta jin nawa, ba na jin nata.
Ta kama wuyan hannuna ta ce yawash.
Ta sake cewa yawash.
Sai a rana ta huɗu na gane sannu-sannu take nufi,
abin da Gwaggo Kulu ke faɗa mini tun ina rarrafe.

A kan ruwa suke zane a can.
A dama shi ya yi kauri,
a yayyafa launi da gashin doki,
a ɗiga matsarmamar sa don ya buɗe,
a ja da tsinke, a shimfiɗa takarda,
a ɗaga.
Ni da aka haifa a bakin Kwara
an koya mini zanen dutse ne ba ya gogewa.
Ba wanda ya gaya mini ruwa ma yana riƙe amana
in ka san lokacin karɓa.

Ranar baje koli na tara kati talatin da biyu,
masu ruwan zinariya, masu ƙamshin turare.
Ko ɗaya bai kira ba.
Wanda ya kira Seku ne, ɗan Mopti, masassaƙi,
da na taya ɗaukar gungume a matakala
ban ma san sunansa ba.
Muka zauna da shayi a ƙaramin kofi mai ƙugu,
muna ɗingishi cikin harshen aro,
shi gurgu, ni gurguwa,
har ya zana kogi a bayan rasit,
ya ɗiga gidansu, na ɗiga namu.
Ruwan da uwarsa ta wanke tukunya a ciki
shi ke isowa ƙofarmu bayan makonni.
Shi ya kai ni wurin mai madaba'a,
mai madaba'a ya kai ni wurin matar da ta sayi zanena na farko
ba tare da ta nemi ragi ba.

Yanzu ga ni a Yelwa.
Babu ƙaronsu a kasuwarmu,
sai na jiƙa dargaza, na gwada yauƙin kuɓewa,
na niƙa baba da jar ƙasa,
yaron mahauta na kawo mini matsarmama yana toshe hanci.
Takarda goma sha bakwai suka lalace.
Ta goma sha takwas na shanya a igiyar taru.

Ubana ya dawo daga su, ya tsaya, ya daɗe.
Bai ce ta yi kyau ba.
Ya ce, wannan ruwan bayan tsibiri ne, a marka,
amma kin manta inda yake juyawa.
Ya goge hannu a wando, ya karɓi tsinken.

Na ce, yawash, Baba.
Ya ce, me?
Na ce, sannu-sannu.
Ya ce, ni za ki koya wa ruwa?