Gurbin Ƙabila

Ranar farko a Dang, ruwa na dukan kwanon aji,
mun cika benci kamar gyaɗa a buhu.
Dokta Hamajulde ya rubuta kalma ɗaya da Faransanci,
ya ja mata layi har allin ya karye.
Ya ce kowa ya faɗi sunan da ake kiran mutanensu
in sun ba da baya.

Aka yi dariya.
Dariyar ta mutu ba wanda ya kashe ta.

Danwe na gefena, ɗan Tufuri daga Dukula,
wanda muke raba burodi da wake kowace safiya,
ya ce, "Kirdi."
A hankali ya faɗe ta, kamar mai zare ƙaya daga tafin ƙafa.
Ni kuwa a gidanmu na tarar da kalmar nan,
tana jingine kusa da buta da tsintsiya,
ban taɓa sanin tana da baki biyu ba.

Da layi ya zo kaina na gyara zama,
na ce mu Hausawa sunanmu ɗaya ne.
Wata Bafulatana daga can baya ta ce, "Kaɗo,"
ba ta ko ɗago daga littafinta ba.
Ashe kowa da mai taka inuwarsa.

Wata uku muna haddace sunayen Turawa
da abin da suka ce game da mu,
wa ya fara zuwa, wa ya tarar da wa,
wa ke da ƙasa, wa ke da saniya, wa ke da sikeli a kasuwa.
Sannan aka ba mu takardun tambaya guda ashirin,
a je unguwa a cike su da bakin tsofaffi.

Na ce bari in fara da mai sauƙi.
Iya Dije na tsakar gida tana tsintar wake.
Shekaru? Ta ce in tambayi jirgin ƙasa, ta girme shi a Ngaundare.
Sana'a? Ta nuna faifai.
Ƙabila?
"Kai me ka rubuta wa kanka?"
Na ce Bahaushe.
"To zuba min irin naka."

Har na ɗora biro sai na ji tana ƙirga tsakuwa
da wani harshe da bai taɓa kwana a gidanmu ba.
Ta kai goma, ta tsaya, ta dube ni.
Ta ce, "Mbum ke nan.
Kakanka ya zo daga Zazzau da wuƙar kilishi,
ya ce harshen nan ya tsaya a zaure tare da takalma.
Shekara hamsin da bakwai yana jirana a can."

Ta faɗa min sunan da uwarta ta raɗa mata
kafin a yi Dije.
Ban rubuta ba.
Gurbin da ke takardar bai wuce ƙwayar gero ba,
kuma ba ni ta ba ajiyar don in kai ofis.

Sha ɗaya cikin ashirin Dokta ya ba ni,
da jan biro: hujja ta yi kaɗan,
mutum ɗaya ba al'umma ba ce.
Ban yi musu ba.

Na ba Danwe labari a layin tasi.
Bai ce komai ba, ya miƙo min rabin burodinsa.

Yanzu duk Juma'a bayan la'asar ina zama gefen faifai.
Na kai bakwai.
Kullum a shida harshena ke tuntuɓe,
ita kuma ta riƙe ciki tana dariya,
tana share ido da bakin zane,
tana cewa, "Kai dai Bahaushe mai ban haushi,
sake daga ɗaya."