Ɗigon Rawaya a Cikin Ja

Da hantsi ya zo, ranar Laraba,
wani yaron Dhaka mai suna Tanzil,
jaka a baya, hula a juye.
Ya durƙusa a bakin fili, ya buɗe akwati,
ya saki ɗan jirgi marar matuƙi,
ya tashi yana ƙugi kamar an taɓa amya.

Mu goma sha ɗaya ne a kan barkono,
barkonon Sariakandi, shanye tun daga ƙafata
har inda ido ya gaji.
Aikinmu tsince ruɓaɓɓe daga mai kyau.
Shekara ashirin da uku ina yi.
Yatsuna sun daina jin yaji,
idanuna ne har yau suka ƙi sabawa.

Ya ce mu jeru kamar baka.
Shefali ta matsa hagu, zaninta shuɗi ne,
ni mai rawaya in shiga tsakiya.
Ya raba laima, ban karɓa ba,
hannuna biyu duk suna da aiki.
Ya ce kar kowa ta ɗaga kai.
Taka hamsin-hamsin. Muka soke a bakin zani.

Bayan wata biyu jikana Rakib
ya faɗo gida da waya a hannu:
Kaka, ga ki, duniya tana kallonki!

Na goge hannu, na kawo fuska kusa.
Ja na gani, ja malala,
kamar dardumar gidan masu kuɗi,
da ɗige-ɗige goma sha ɗaya a kai.
Na ce, to ina nake?
Ya ɗora farce a kan ɗigon rawaya.

Babu tari a ciki.
Babu atishawar Shefali mai sa mu dariya,
babu bashin mai kanti, babu ciwon gwiwa.
Ashe in an hau sama sosai
wahala ma ado ce.

Amma ba zan ci amanar hoton ba.
Rakib ya buɗa shi da yatsu biyu,
sai ga inuwata kwance a gefen ɗigon,
doguwa, a ranƙwafe,
bayan uwata sak.
Ban san na gāje ta ba.
Wa ya taɓa ganin ƙeyarsa?

Can a kusurwa kuma ga kogin Jamuna
ya lanƙwasa kamar lauje.
Na bi bakinsa da ido, na ƙirga gonaki,
na zo inda gidan ubana yake,
inda mangwaron da ya dasa yake.
Ruwa ne, launin shayi da madara.
Shekara tara ina faɗa wa mutanen ofis da baki
suna cewa in kawo shaida.
Na ce wa Rakib, ajiye min wannan.

Yanzu kusan kullum sai sun zo.
Mai fili ya koyi abin da sama ke so:
a shanya a zagaye, a bar layi a tsakani,
ko da gefe bai bushe da kyau ba.
'Yan mata na zuwa aiki da zanin biki.
Rakib ya ce garinmu ba kyau daga ƙasa,
yaron da aka haifa a ƙasan,
wanda bai taɓa hawa ko rufin kwano ba.

Jiya wani sabo ya zo, ya ce kar mu ɗaga kai.
Na ɗaga.
Na ga cikinsa, baƙi, da ido ɗaya,
da ɗan haske ja yana ƙiftawa.
Muka kalli juna.
Mai shi ya yi tsaki daga nesa,
ya ce tsohuwa ta ɓata masa hoto.

Na koma kan barkono.
Akwai ruɓaɓɓe kusa da ɗan yatsan ƙafata,
fari-fari ta ciki, ja ta waje.
Sai mai tsugune ke ganin irinsa.