Minti Uku a Majalisar Jiha

Minti uku suka ba ni.
Ni da na kwana biyu a bisa ruwa,
ragata rataye tsakanin buhunan garin rogo,
injin jirgi na tari kamar tsoho mai asma,
kafin in hango fitilun Belem.
Minti uku. To, madalla.
Na ga rai ya fita a ƙasa da haka.

Sunana Zuleide, ungozoma daga tsibirin Marajo.
Hannun nan ya tarbi jarirai ɗari huɗu da ɗoriya,
wasunsu sun girma, su ke dangwala muku ƙuri'a.
Ba roƙo ya kawo ni ba, masu girma,
bashi na zo tuni.

Akwai Josiane.
Wata takwas, ƙafa ta kumbura har silifa ya ƙi ta.
Ta ce, Inna, taurari nake gani da rana tsaka.
Na san sunan ciwon, kamar yadda na san nawa.
Na'urar awon jini tana ɗakin shan magani,
robarta ta tsage tun damina biyu.
Kwalekwale na nan, mai ne babu.
Kafin mijinta ya bi gida bakwai ya tara lita biyar
ruwa ya janye, ya bar mu da laka.
A cinyata jijjiga ta kama ta,
na sa yatsa tsakanin haƙoranta, ga tabon.
'Yar ta rayu.
Madarar ɓauna take sha da cokali.

Sai Dalva, da aka yi wa gwajin bakin mahaifa
ranar da jirgin asibiti ya zo da tuta da masu hoto.
Sakamako ya iso bayan wata goma sha ɗaya.
Ni na karɓa, na ninke shi huɗu,
na danne da kwalbar kyandir a kan kabarinta
kada iska ta kwashe.

Na ga kun rubuta a bango: rigakafi ya fi magani.
Mu ma da shi aka yaye mu.
Amma karin magana ba ya tayar da inji.

Ku rubuta mai a kasafi, da sunansa, da litarsa,
ba a shekarar zaɓe kaɗai ba.
Ku ba mu nas da za ta kwana a garinmu
har ta san wace ce ke ɓoye ciwo don kunya.
Takardar gwaji ta riga mai haƙa kabari isowa.
Mai jego kuwa, kada a rufe littafinta
ranar da cibiya ta faɗi;
jini ba ya duba kalanda.

Na ga fitilar ta koma ja.
Shugaba, bar wayar tukuna, na kusa.

Mu mutanen kogi ne, mun iya jira,
ruwa ya koya mana: ya tafi, ya dawo.
Sai dai naƙuda ba ta yi wannan makaranta ba.

Ga na'urar nan, na zo da ita a jakata.
Zan bar ta a kan teburinku mai sheƙi.
Kafin ku ɗaga hannu, ko ku ƙi ɗagawa,
wani ya naɗa ta a damtse,
ya matsa,
ya ji yadda iska ke zurarewa.

Jirgina na tashi ƙarfe shida.
Akwai mata biyu da watansu ya tsaya.