Inci Goma Sha Shida

Albashin wata biyu na zuba a wili huɗu,
inci goma sha takwas, ƙyalli kamar tiren baƙi.
Daga Jidda na ɗauko su a kujerar baya,
kowanne da bargonsa.

Baba Sammani bai tashi daga kan jarkarsa ba.
Shekara talatin da ɗaya yana faci a bakin Hada,
inda Ɗa'ifa ke leƙen Makka ta saman dutse.
Ya ɗaga ɗaya, ya jinjina, ya ajiye.
Ya ce, "Yusha'u, wa ka saya wa takalman nan,
motarka ko idon mutane?"

Ya buga bonet da bayan sifana:
"Wannan da hannuwa take tafiya, ba da ƙafa ba.
Tayoyin gaba su ne ja, su ne juyi,
su ne rabin birki da ƙari,
ga inji zaune a wuyansu.
Na baya 'yan rakiya ne.
Ɗan dakon da ya ɗauki buhu uku,
sai ka sa masa mundayen ƙarfe?"

Na ce ɗaura mini kawai, Baba.
Ya ɗaura. Bai ƙara tofawa ba.
Roba siririya kamar bakin faifai,
faɗi kuwa, har tana shafar madigadi
in na karya sitiyari duka.

Kwana tara ina sarauta.
Ta gilashin kantuna nake kallon kaina.
Sai dai kowace tsakuwa tana gaishe ni a haƙori,
in na taka totur, sitiyari ya fizge dama
kamar akuya ta hango dusa.

Ranar ta goma aka yi yayyafi.
Hazo ya sauko ya zauna a kwalta,
birai sun jeru a kan katanga, jiƙe, suna kallo.
A wata kwana da na sani kamar aljihuna
na juya, mota ta ce ba yanzu ba.
Taya mai faɗi ta hau ruwa tana iyo,
hanci ya miƙe wajen da babu hanya,
sai sarari, da fitilun ƙasa can nesa.
Rami ne ya karɓe ni.
Ya lanƙwasa wilin hagu, ya bar mini raina.

Baba Sammani ya zuba shayi biyu, da na'ana'a.
Ya buɗe ƙofar direba, ya nuna 'yar takarda
da ban taɓa sunkuyawa na karanta ba.
"Sha biyar aka haife ta da shi.
Kana son ta ji maganarka a kwana? Hau taki ɗaya.
Sha shida. Faɗi ɗari biyu da biyar, kafaɗa hamsin da biyar.
Abin da wili ya ƙara, roba ta rage,
tsayin ya tsaya inda yake,
kada allurar gudu ta koyi ƙarya.
Wili marar nauyi.
Kuma masu sabon zane a baya za su zauna."
Na ce ba gaba ke aikin ba?
Ya ce, "Gaba in ya zame, hannunka na kansa.
Baya in ya zame, wa ke riƙe da shi?"

Ya auna iska da safe, kafin roba ta ɗumama,
ya ɗaure noti a gicciye, ɗaya nan, ɗaya can.

Jiya na sauka da Inna Ta-Makka a baya,
kwalaben ruwan wardi shida a cinyarta.
Kwana bayan kwana, ko ɗaya bai taɓa ɗan'uwansa ba.
Ta yi barci tun kafin rabin gangara.

Ukun nan har yanzu ban sami mai saye ba.
Lanƙwasasshen yana gaban shagon Baba,
an kifa masa katako.
A kansa muke ajiye kofuna.