Waken Idwal

Ƙwaya goma sha tara ya bari
a gwangwanin taba, bayan agogo,
roɗi-roɗi, shunayya da baƙi,
masu sanyi a tafin hannu kamar tsakuwar rafi.
Ba wasiyya, ba takarda,
sai abin da ya karce da ƙusa a murfi:
Mayu, in jaura ta wuce.

Babana Idwal, shekara talatin
yana saran kwal a ƙarƙashin kwarin Rhondda.
Ran da aka rufe ramin ya fito da tari
da fili taku ashirin a bayan layin dogo.
Ya ce ya gaji da abin da ke nutsewa,
zai shuka abin da ke hawa.

Tun Fabrairu yake haƙa kwari,
ya zuba tsohuwar jarida, ɓawon dankali,
ganyen shayin da aka sha aka zubar,
har gashin da mai aski ya share.
Sannan sandunan gora takwas,
ƙafafu a ware, kai a ɗaure.

Ina ƙarama na taɓa warware wani reshe
na naɗe shi ta ɗaya hannun.
Kafin gari ya waye ya kwance kansa
ya koma yadda ya ga dama.
Baba ya yi dariya har tari ya sarƙe shi:
Nesta, wannan dangin uwarki ne.

Yuli na kamawa, fure ya tashi ja wur
kamar an watsa garwashi a kan kore,
ƙudan zuma na kai da kawowa.
Gwenllian ta gidan kwana
ta shuka nata a bakin ƙofa don ado kawai,
ko kwanso ɗaya ba ta tsinka.
Almubazzaranci, in ji Baba.
Amma kullum a ƙofar nan
igiyar takalminsa ke kwancewa.

Agusta kuwa sai a hankali.
Ka tsinka yau, gobe ya ninka.
Wanda ya ɓuya bayan ganye
ya kai kamu guda, ya yi jijiya, wuƙa ma sai ta yi da gaske.
Mu ci da man shanu, mu danna a kwalba da gishiri,
saura ya rataye a ƙofofin mutane,
har maƙwabta suka koyi sakin labule
in sun hango shi da jaka.

Bana ni na shuka.
Dodon koɗi ya cinye bakwai a dare biyu.
Sha biyu sun hau.
Jiya gora ta ƙare musu,
kan ɗaya na ta lilo a iska,
yana laluben abin kamawa.

A nan Baba kan sa farce ya datse,
don ƙarfin ya koma ƙasa.
Na hau kujerarsa mai gurguwar ƙafa,
na miƙa hannu.
Jirgin ƙarfe huɗu ya wuce, ina tsaye.
Yayyafi ya soma.
Na sauko na tafi ɗora shayi.